Garwa Biyu Kowace Safiya

Mun tashi da asuba ranar Litinin, kwana tara bayan na fita takaba. Ku matan Fagge da kuka ishe ni da tambaya tun da na dawo, ga labarin nan na sa mijin 'yata ya rubuta, a karanta muku gaba ɗaya na huta, don duk wadda na fara ba wa da baki, kafin mu kai Ringim kuka ya ci ƙarfina.

Wanda bai san mafarin abin ba, to ga shi. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, Babarbare ne. A bakin tafkin Nguru aka haife shi, yana saurayi fataucin kanwa ya kawo shi Kano, ya zauna. Yana da aboki a Sabon Gari, Ibo ne, kafinta, wanda a ƙuruciyarsa ya yi aiki a Ikko wajen gyaran ƙananan jiragen da Turawa ke shan iska da su a kan ruwa, irin waɗanda ba a tura su da sanda, sai dai a ɗaga musu ƙyalle iska ta kora su. Wata rana Malam ya je a gyara masa ƙyauren ɗaki, ya ga hoton irin jirgin nan manne a bangon shagon. Suka zauna hira. Ƙyauren bai gyaru ba sai bayan wata biyu, amma kafin sati ya zagayo an sauke mini katakon maɗaci a filin da ke bayan zaurenmu.

Bazara biyar suka yi suna wannan aiki. Ran Lahadi in Kafinta ya taso daga coci sai ya zo da zarto da guduma, Malam ya tuɓe babbar riga, su yi ta awo da gardama har la'asar sakaliya. Kowace bazara su ce bana da tafki ya cika za a kai shi Nguru. Kowace kaka su gano abin da bai yi musu ba, su kwance su sake. Unguwa ta sa wa Malam suna Mai Jiran Ɗufana. Yana ji, yana dariya, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san abin na sukarsa.

Abu guda ne ya riƙa haɗa ni faɗa da shi. Tun da aka jera wa jirgin katakon ciki, kowace safiya sai ya sa mai garuwa ya ƙaro garwa biyu, ya juye su cikin jirgin. Ruwan da ake saye a Fagge! In na yi magana ya ce, "Ƙishirwa yake ji." Ni kuwa na ɗauka irin wasansa ne, na ce to a dama masa fura mana.

Bana aka gama komai, saura rigar jirgi, haka Malam ke kiran ƙyallen da ake ɗagawa. Ran Asabar ya sayo bandir na farin alawayyo a kasuwar Sabon Gari. Ran Lahadi zazzaɓi ya kwantar da shi, ran Laraba ya cika. Da aka zo neman likkafani, na ce ga farin ƙyalle nan a ɗaki, a yanka. Abin da ya rage bai isa riga ba, sai na cike da baƙaƙen zannuwana na saƙi, har da wanda aka kawo ni gidan da shi. Matar Kafinta, wadda muke ce wa Misisi, ita ta haɗa su a kekenta. Jirgin kuwa, wata huɗu da kwana goman nan na takaba ba abin da na kula da shi kamarsa. Na sa an yi masa rumfar kwano, na naɗe shi da tabarmi, na ɗaure da igiya. Ko raɓa ban yarda ta taɓa shi ba.

To, ranar tafiya. Mutum biyu masu hankali, ɗaya har da fensir a kunne, shekara biyar suna awo, ba wanda ya tuna ya auna ƙofar zaure. Sai da magini ya zo tun jajibere ya rushe mini katanga kamu shida. Ta nan 'yan dako takwas suka fito da jirgin a naɗe cikin tabarminsa, suka ɗora a amalanke. Masu fitowa daga masallaci suka tsaya kallo. Wani dattijo da ya fi kowa yi wa Malam tsiya ya ce, "Inna, ashe ɗufanar ta zo?" Na ce, "Ba ta zo ba, Baba, mu za mu je mu same ta."

Muka bi ta gefen Kantin Kwari, ko'ina a rufe, masu gadi na naɗe shimfiɗa. Ni da Misisi a baya, Kafinta a gaba yana yi wa 'yan dako tsawa a kan kowane rami. A tasha ga dalar gyaɗa lulluɓe da tamfol, ga masu shayi sun hura wuta, ga fasinjoji da kaji da buhuna. Akawun awo ya buɗe littafinsa, akwai layin gyaɗa, akwai na fatu, akwai na shanu, babu na jirgin ruwa. Ya yi ta juya alƙalami, can ya rubuta katako. Kafinta ya bi shi da harara har muka shiga tarago, yana cewa, "Shekara biyar, wai katako."

Rabona da jirgin ƙasa tun haihuwar 'yata. Benci na katako, taga a buɗe, hayaƙi na shigowa yana barin baƙi a mayafi. Amma ƙasa ta yi kyau, jama'a. Gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsayi, kowane kwari da ruwa kwance da balbelu a kai. A Ringim 'yan talla suka yanyame tagogi. Gasasshiyar masara biyu ɗari, wato rabin kobo, dafaffen ƙwai uku kobo, fura kuwa da nonon da bai san ruwa ba, ba irin wanda ake yi mana wayo da shi a birni ba. Misisi ta yi ciniki da Hausar da ta fi tawa kaifi, har mai masarar ta ce da ita, "Ke dai Bakanuwa ce, zanen ne kawai na Kudu." Duk inda jirgi ya tsaya, Kafinta sai ya dira da gudu ya je taragon kaya ya duba, ya dawo yana haki. Tsoho da furfura. A Gagarawa saura kaɗan a tafi a bar shi, sai da wani soja mai komawa gida ya fizgo shi ta ƙofa.

Bayan Malam Maduri ƙasa ta fara sauyawa, yashi ya yi yawa, itatuwa suka gajarce, goriba ta yawaita. Wasu mata Barebari suka shigo da ƙamshin turarensu, suka zauna gabanmu suna hira da harshensu. Malam ba ya yin Barbarci a gida sai in ransa ya ɓaci, ko in yana lallashin jariri, sai kuma kwana ukun nan na zazzaɓi da bai yi wani harshe ba sai shi. Ina jin su na rufe fuska da mayafi. Misisi ba ta ce mini yi haƙuri ba. Gyaɗa ta riƙa ɓarewa tana zuba mini a tafin hannu, har muka wuce Birniwa.

Mun isa Nguru rana ta yi ja. Nan ƙarfen jirgi ya ƙare, daga nan sai raƙuma. Muka sauka gidan yayar Malam, tsohuwa tukuf, idonta ya yi rauni amma bakinta na nan garau. Ku kun san ni jinin Fulani ce, kun kuma san abin da ke tsakaninmu da Barebari. Ta shafa fuskata da hannu biyu ta ce, "Bafillatana, shekara arba'in kin riƙe mana yaro, yanzu kin zo biyan diyya da kwalekwale?" Muka rungume juna muka yi kuka mai isarmu, muka koma dariya. Aka kawo burabusko da miyar kifi, kifin ya fi tuwon yawa. Kafinta ya ce tun da ya bar garinsu na bakin kogi bai ci irinsa ba.

Ran Talata da hantsi aka ɗauki jirgin a ka zuwa bakin tafki, rabin gari na biye. Ni da babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan unguwarmu, na tsaya ina kallo. Ruwa ne har inda ido ya gaji, da bado fari fat a kansa, da agwagin daji, da masunta kwance a kan manyan goruna suna iyo da hannu kamar kwaɗi. Nan Malam ya tashi. Shekara arba'in yana kwana a Fagge da wannan a ransa, ni kuwa ina yi masa faɗan garwa.

Aka kwance igiya, aka yaye tabarmi. Tun rasuwar Malam, Kafinta bai ga jirgin a buɗe ba, don ba ya shigowa ina takaba. Na ga ya durƙusa, ya leƙa ciki, ya daɗe. Na matsa na leƙa ni ma. Tsakanin katako da katako haske na ratsowa siri-siri, kamar rana ta cikin zana.

Ya ɗago ya ce, "Uwargida, kina ba shi ruwa kuwa?"

Na ce, "Wane ruwa? Ko ɗigon damina bai taɓa shi ba. Ni na tsaya a kai."

Da alfahari na faɗa, wallahi. Kafinta ya cire hularsa, ya riƙe a hannu. A nan maganar Malam ta faɗo mini, ƙishirwa yake ji.

Tun da an zo, aka tura shi ruwa. Bai yi nisan taki goma ba ruwa ya fara tsattsafowa ta ko'ina, ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, jirgin ya zauna a hankali kamar saniyar da ta gaji, sai bakinsa kawai ake gani. Jama'a suka kwashe da dariya. Ban ga laifinsu ba, abin dariya ne. Wani ya ce jirgin Kanawa ya zo wanka. Kafinta ya ce ƙasa-ƙasa, "Akawu ya yi gaskiya, katako ne." Ni kuwa na zauna a yashi na sa kuka a gaban kowa, don na ga da hannuna na nutsar da shekara biyar ɗin Malam, kuma labari zai riga mu isa Fagge, sunan nan da suka sa masa ya bi shi har kabari.

Sai ga Sarkin ruwa, wato shugaban masuntan wurin, wani gajeren tsoho mai faɗin ƙirji. Ya naɗe wando ya shiga, ya zagaya jirgin yana lalube da hannu a ƙarƙashin ruwa, katako bayan katako. Ya fito ya tambayi wanda ya yi aikin. Aka nuna masa Kafinta, ya ba shi hannu. Sannan ya zo ya tsuguna gabana.

Ya ce, "Inna, in ƙotar gatari ta yi lako-lako, me ake yi mata?"

Na ce, "A jiƙa ta ta kwana."

Ya ce, "To kukan me kike yi? Bai tsage ba, baki ya buɗe. A bar shi ya sha ya ƙoshi."

Kafinta ya ce shi ma ya san haka, amma bai taɓa ganin wanda ya buɗe kamar wannan ba, yana tsoron ko ya bushe ya wuce gyara. Sarkin ruwa ya ce shi ma ba zai rantse ba, kwana uku ne za su faɗi gaskiya. Kwana uku kuwa shi ne Juma'a, ga shi ran Asabar dole mu bi jirgin ƙasa, Kafinta na da coci da shago. Aka cika buhuna da yashi aka danne jirgin har ya ɓace, aka kafa turke aka ɗaure. Sai igiya kawai ke nuna wurin.

Kwana ukun nan sun fi mini takaba tsawo. Kowace safiya na je na zauna ina kallon igiya. Misisi ta ga zan zauce, ta ja ni kasuwa. Kasuwar Nguru kuwa abin gani ce. Kanwa tuli-tuli kamar duwatsu, irin wadda ta ciyar da gidanmu shekara da shekaru, yau na ga inda take sauka daga raƙumi. Busasshen nama a shanye rumfa-rumfa ana shirya shi zuwa Kudu. Bandar kifin da za a ce sule a Sabon Gari, nan taro ne, har a yi miki gyara. Misisi ta sayi kwando biyu tana cewa ba ciniki ta zo ba. Tabarmin kaba masu launi, turaren wuta iri-iri, Buzaye da rawani har ido. Sauron garin kuwa ba ya jiran magariba, kuma bai san baƙo ba.

Ran Laraba da yamma na gaya wa Yaya abin da na yi, tun daga faɗan garwa har rumfar kwano. Na zaci za ta yi mini tsiya. Sai ta ba ni labarin Malam yana ɗan shekara bakwai, ya saci goran babansu ya shiga tafki, aka yi ta nema har azahar, aka same shi can cikin bado yana barci a kai. Ta ce, "An yi masa duka, washegari ya koma. Shi dama bai iya bayani ba, sai dai ya yi abu ya yi dariya. Ke kuma kin tsare abin da ya bari yadda kika iya. Ci tuwonki." Kafinta shi ma ya zo ya ce laifinsa ne da bai aiko Misisi ta gaya mini ba. Na ce a'a, an gaya mini, kowace safiya aka gaya mini, ni ce ban ji ba.

Ran Juma'a da aka sauko daga masallaci muka taru. Jama'ar ta fi ta ran Talata, don wanda bai sami dariyar farko ba ya zo neman rabonsa. Masunta suka cire buhunan yashi, suka jawo jirgin inda ruwa ke gwiwa, aka hau kwarfewa da ƙwarya. Na ɗaure zane na shiga, aka ce Inna ki bari, na ce ni na hana shi ruwa, ni zan kwashe. Da ƙasan ya bayyana Misisi ta goge shi da tsumma. Katakon ya yi duhu, ya kumbura, layukan nan da haske ke ratsowa sun haɗe, ko farce ba ya shiga. Sarkin ruwa ya ce kowa ya fita, a zauna a gani.

Muka zauna kamar tsawon dahuwar shinkafa. Ni ban kalli jirgin ba, carbi nake ja ina kallon yashi. Can Sarkin ruwa ya tashi ya leƙa, ya karɓi ƙoƙo ya kwarfo abin da ya taru. Bai cika ƙoƙon ba. Ya ɗaga ya nuna wa jama'a, ya ce, "Wannan hawaye ne. Kowane jirgi na yi." Kafinta ya gano wurin a can gaba, ya cusa auduga ya shafe da kwalta.

Aka kafa dirka a tsakiya, aka saka katakon juyawa na baya wanda su biyun ke kira wutsiya, aka ja igiya, riga ta hau. Sama fari, ƙasa baƙi. Wani masunci ya ce, "Kai, hankaka!" Shi ke nan jirgi ya sami suna. Sai dai iska ta ce ba ta san zancen ba. Rigar ta rataye kamar shanya. Masu goruna suka kewaye mu suna tambaya ko a ara mana sanda. Kafinta ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama ya fi sau ashirin.

Bayan la'asar na ga bado ya fara motsi. Gefen mayafina ya ɗaga. Kafinta ya yi tsalle ya faɗa jirgin kamar yaro, ya kama wutsiya, ya ce ana bukatar mai riƙe igiyar riga. Sarkin ruwa ya miƙa hannu, Kafinta ya ce, "Yi haƙuri, Sarki, kai zauna gaba ka nuna mana hanya. Nan wurin Malam ne. Uwargida, shigo."

Na ce, "Ni? Da tsufana? In ya kife fa?"

Daga baya na ji muryar Yaya, an kawo ta a kan jaki don kada a ba ta labari. Ta ce, "Ku ƙyale ta, Bafillatana ce, ko rafi sai saniya ta fara shiga."

Ai kuwa na ce bismillahi na ɗaga ƙafa.

Aka ba ni igiya. Da farko ba komai, sai na ji ta ja, kamar ɗan maraƙin da ya hango uwarsa. Rigar ta cika ta yi ciki. Ban ji mun tashi ba, bakin tafki na ga yana ja da baya, da mutanen da ke kansa, da jakin Yaya. Ba sanda, ba mai turawa, ba ƙarar komai sai ruwa na ɗan magana a ƙarƙashin katako. Dariyar da ake yi ta tsaya. Sai guɗa ta tashi, na san ta Misisi ce, don ba Bahaushiyar da ke guɗa haka. Masu goruna suka biyo mu da iyo, muka bar su a baya. Sarkin ruwa ya riƙa leƙa gefe da gefe yana neman abin da ke tura mu, yana cewa, "Ikon Allah. Shekara sittin ina karya kafaɗa a banza."

Na ɗaga kai na dubi rigar. Farin nan na sama, ɗan'uwansa na can a maƙabartar Fagge tare da Malam. Baƙin nan na ƙasa, da shi na shigo gidansa ina yarinya, ina kuka ban san shi ba. Ga su an ɗinke su wuri guda iska na kora su. Na yi kuka da ƙarfi, ban rufe fuska ba, don hannuna biyu na kan igiya kuma an ce kada na saki. Kafinta na bayana yana wata waƙa ta cocinsu ƙasa-ƙasa. Na yi wa Malam addu'a da sunan da ban taɓa kiransa da shi ba yana raye.

Da za mu juyo, Kafinta ya ce, "Sunkuya!" Kafin na tambayi dalili, sandar ƙasan riga ta zagayo ta ɗauke mini ɗankwali ta jefa a ruwa. Haka na dawo bakin tafki, tsohuwa da furfura a waje, ido jajir, ina dariya. Wani mai gora ya tsamo ɗankwalin ya kawo, ya ce ladansa shi ne a ɗana shi. Kafin magariba Hankaka ya yi sawu biyar. Misisi ce kawai ta ƙi, ta ce ita ta ɗinka rigar, ta san inda zare ya ƙare mata.

Ban dawo da jirgin ba. Na bar shi hannun Sarkin ruwa, da sharaɗi guda, kada a fitar da shi daga ruwa ko na kwana ɗaya, kuma duk ɗan garin da ke so a ɗana shi. Kafinta ya nuna masa yadda ake sarrafa igiya da wutsiya. Kafin mu bar wurin na ga su biyun tsugune suna zane a yashi da tsinke. Wai wani jirgin za a yi, ƙarami, marar zurfi, wanda zai ratsa cikin ciyawa, a fara da bazara mai zuwa a kawo shi in ruwa ya cika. Har sun fara gardama.

Ran Asabar muka kamo hanya da bandar kifi da kanwa da turaren da Yaya ta ƙulle mini a gefen zane. A tarago Kafinta ya yi ta gyaran murya, can ya ce shagonsa ba fili, ko zan bar masa wurin nan na bayan zaure. Na ce na bari, amma kafin a sauke katako ko ɗaya, a gabana za a auna ƙofa.

Mun iso Kano ana kiran magariba. Labari ya riga mu, amma rabinsa, na nutsewar. Dattijon nan na zaune a dakalin masallaci, ya ce, "Inna, mun ji an yi wanka." Na ce, "An yi, Baba, an kuma sa riga an fita." Na bar Kafinta yana ba su sauran, da hannu da ƙafa. Washegari dattijon ya aiko mini da goro, ya ce a gaya mini ya je kabarin Malam ya nemi gafara.

Na shiga gida ta inda aka rushe katanga, an kare da zana. Rumfar kwanon na nan, ƙarƙashinta wayam, sai sawun inda jirgin ya zauna. Na zauna a wurin na yi kukana, amma ba irin na da ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na ga ƙasa, na ga ruwa, na ga inda aka haifi mijina. Na gane mutum zai iya zama da mutum shekara arba'in, yana jin maganarsa kowace safiya, bai tsaya ya tambaye shi me yake nufi ba. Ku da naku ke raye, in ya yi abin da kuka ga wauta ne, ku tambaya kafin ku yi faɗa. Ni na makara, sai dai Allah ya rufa mini asiri, katakon bai tsage ba.

Jiya mai garuwa ya zo da safe ya sauke mini ruwan girki. Na gaya masa ran da ya ga an jera katakon sabon jirgi, ya ƙaro garwa biyu ba sai an ce masa ba. Ya ce, "Inna, ke da kike faɗa?" Na ce ya kawo dai. Ni zan juye da hannuna.